Kiran Shanun Malam Amadu Ya Faɗa Hannun Baƙi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Shagari,
Jihar Sakkwato.

Daga:
Ramla Amadu, malamar makaranta a Bodinga,
a madadin mahaifinta, Malam Amadu Bello, makiyayi a yammacin Lambara.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

GAME DA: FIM ƊIN MATAFIYA DA YA JEFA GARKEN MALAM AMADU DA IYALINSA CIKIN HAƊARI

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto wannan ƙorafi da yawun mahaifina. Shi bai iya boko ba, kuma tun da aka haife shi bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Sai da mahaifiyata Hajo ta sa kuka kafin ya yarda in rubuta.

1. Ranar Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024, motar wasu samari biyu, Lukman da Mubarak, ta ɗauki zafi ta tsaya a hanyar Bodinga zuwa Shagari. Malam Amadu ya same su, ya kawo musu ruwa, ya kai su gida aka dama musu fura. Suka ce daga Legas suka taso suna ratsa ƙasar nan, suna ɗaukar fim ɗin tafiyarsu da na mutanen da ke son sana'arsu tsakani da Allah. Lukman ya ce shi ma aikin ofis ya ajiye don ya bi abin da zuciyarsa ke so. Wannan magana ce ta shiga ran tsoho, domin duk Lambara an san cewa idan ana son Malam Amadu ya buɗe baki, to a yi masa zancen saniya.

2. Ranka ya daɗe, makiyayi ba ya baje garkensa gaban baƙo. Mahaifina ya san haka fiye da kowa. Amma ranar daɗin yabo ya kwashe shi, ya tsaya gaban kyamara ya yi kiran da ya gada wurin mahaifinsa, wanda shanunsa kaɗai ke amsawa. Wule, tsohuwar saniya mai farin goshi da garken ke bi, ta ɗago kai ta taho, sauran suka biyo ta. Samarin suka yi ta tafi, suka roƙe shi ya maimaita. Suka kuma tayar da wani ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauki hoton rugar daga sama, da mashayar, da hanyar da ta ɓullo daga daji. Ba wanda ya gaya masa inda hoton zai je. Shi ya ɗauka na tunawa ne, irin wanda ake ɗauka ranar suna.

3. A watan Maris na bana aka saki fim ɗin a intanet. Na kalla. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau, har na yi ƙwalla da na ga mahaifina. Sai dai an rubuta sunansa da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro, kuma an bar kiran daga farkonsa har ƙarshe. Mai girma Shugaba ya fi ni sanin halin da dazukanmu ke ciki, da irin mutanen da su ma ke riƙe da waya.

4. Ranar Juma'a, 25 ga Afrilu, mazan gidan duk sun tafi masallaci, shanu na kwance a inuwa kusa da gida. Hajo na tankaɗe sai ta ji muryar mijinta daga wajen daji yana kiran shanu, alhali da idonta ta ga tafiyarsa masallaci. Kiran ya tsaya, ya sake tashi, iri ɗaya sak, har da ɗan tarin da ya yi a tsakiya ranar da aka ɗauka. Wule ta miƙe, garken ya miƙe. Hajo, mace mai ciwon gwiwa, ta bi ta da gudu ta rataya a wuyanta tana kururuwa, har masu aikin albasa a fadama suka sheƙo. Kiran ya ɗauke. Da aka shiga dajin ba a ga kowa ba, sai sawun babura a ƙarƙashin wata tsamiya.

5. Tun daga ranar ba mu sake samun natsuwa ba. A makon jiya wasu mutane da ba a san su ba sun tsaya wurin mai shayi a bakin titi, suna tambayar ko tsohon cikin fim yana nan, da wane masallacin Juma'a yake zuwa. Ba su tambayi kuɗin saniya ba, kuma ba su sha shayin ba.

6. Na rubuta wa Lukman sau da dama. Amsa ɗaya ya ba ni, cewa fim ɗin ya ƙarfafa wa dubban matasa gwiwa, kuma ya kamata mu yi alfahari. Ranka ya daɗe, shi ya bi abin da zuciyarsa ke so ya koma gida lafiya, ya bar mu da masu bin sawu. Ina jin haushinsa ƙwarai, kuma ina jin tsoro.

Saboda haka muna roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi, ya sa baki ta hannun hukumomin da abin ya shafa a cire wannan sashe daga fim ɗin, a kuma sa jami'an tsaro su riƙa leƙa yankin, musamman lokacin sallar Juma'a. Mahaifina ba ya neman diyya. Mun kuma san abin da ya riga ya shiga wayoyi ba ya dawowa.

Muna roƙon a gaggauta, domin tsoho ya yanke shawara. Yanzu da sanda yake kora shanunsa, bakinsa a rufe. Ya gwada koya musu sabon kira, ƙananan sun fara kamawa, amma Wule ko kunne ba ta kaɗawa, tsohon kiran kawai ta sani, kuma inda ta sa gaba nan garken zai bi. Don haka ya ce idan mako mai zuwa ya wuce ba a ga sauyi ba, zai kai ta kasuwa. A hannunsa aka haife ta, kuma ba ta yarda kowa ya ja ta. Ya san ba za ta hau motar mahauta ba sai shi da kansa ya shiga ciki ya kira ta, kuma ya san za ta zo.

Allah ya ƙara wa mai girma Shugaba lafiya, ya ba shi ikon duba kukanmu tun da sauran lokaci.

Taka mai biyayya,

Ramla Amadu
(a madadin Malam Amadu Bello, wanda ya dangwala yatsa a ƙasa)