Kujerun Tsere da Maikuɗi Ya Kafa Min a Golf

Badamasi Tasi'u Dugabau,
Direban haya, Kabo zuwa Gwarzo.
13 ga Maris, 2006.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Kushin da Walda,
Gwarzo.

Assalamu alaikum.

GAME DA: KUJERUN DA MAIKUƊI MAI KUSHIN YA SA A MOTATA BA DA IZININA BA

Ranka ya daɗe, ɗan ƙungiyarku Maikuɗi ya kashe min sana'a.

1. Ranar Litinin 6 ga Fabrairu na kai masa Golf ɗina ya sake soson kujerar gaba, ya ɗinke yagar. Abin da na ce ke nan. Da na koma ranar Laraba sai na tarar ya cire kujeruna biyu, ya kafa wasu jajaye irin na 'yan tseren mota, wai su ake yayi. Nawa kuwa wai ya riga ya sa wa wani.

2. Yallaɓai ya san mutum biyu muke ɗauka a gaba. Tunda aka ce kada a cakuɗa maza da mata, baya ta mata ce, gaba ta maza. Wannan kujera kuwa kamar daro take, gefenta ƙarfe ne a tsaye, mutum ɗaya take ci, shi ma sai marar jiki. Da tsadar man nan, in na tashi da mutum ɗaya a gaba, wahalar banza na yi.

3. Da ramukan noti suka ƙi haɗuwa, walda ya yi musu da ƙasan motar. Masu walda biyu sun duba, sun ce in aka yanke sai ƙasan ya ɓule. Sau huɗu ina zuwa shagonsa. Na ƙarshe dariya ya yi, ya ce ni ne ban waye ba. Shekarata goma sha tara a kan titi.

4. Da yunwa ta taso wa gidana, na gicciya katako a kai, na ɗora filo. Wannan ni na yi, ba na ɓoyewa. Ranar Juma'a 3 ga Maris, wajen Gammo, muka faɗa rami, katakon ya zame, Malam Jibirin mai sayar da iri, dattijo, ya faɗa kan ƙarfen. Washegari shugaban tasharmu ya cire ni daga layi har sai an ga kujerar mutum biyu.

Don Allah, don Annabi, a kira Maikuɗi a cikin makon nan, ya dawo da kujeruna, ya cire nasa, ya gyara ƙasan. Ba na neman a kore shi. Layina nake nema. Yau kwana tara motar tana ƙofar gida, iyalina mutum goma sha ɗaya suna kallona. Malam Jibirin kuwa yana kwance gidan mai ɗori, ƙugunsa ya karye, an ce ko ya tashi sai da sanda.

Allah ya ƙara wa shugaba girma da adalci. Na gode.

Naka mai biyayya,
Badamasi Tasi'u Dugabau