Ganyen da Ba Shi da Suna a Legas

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Dawuda da awaki?

Ni lafiya lau, in ban da 'yan ƙuraje a kumatu. Ba komai ba ne, sai dai kin san fuskata ce tallar sabuluna. Takunkumi nake ɗaurawa, ina cewa mura ce.

Nonon akuyar da nake haɗa sabulun da shi ina samu a Agege, nan Legas. Ganyen nan da kike haɗawa da shi ne ya ƙare, kuma da Dakarci kawai na san sunansa, masu magani sai kallona suke. Na gwada darbejiya, abin ya ƙaru.

Don Allah ki ba direban motar Zuru ganyen ran Asabar ya kawo mini. Maƙwabciyata mai man bilicin ta fara tambayar wace irin mura ce ba tari.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Saloma