Ɗingishin da Muka Ɗauka Rawa Ce

Zuwa ga Yaya Lawal, malamin dabbobi, a Sabuwa.

Kai mai karanta takardar da ba taka ba, bari in tambaye ka kafin ka wuce: ka taɓa ƙaunar mutum har ka kwaikwayi ciwonsa ba ka sani ba? In ba ka taɓa ba, to ja bakinka ka karanta, kada ka yi mani dariya tukuna.

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin da ya kai ka can. Ni ne Hamisu tela, ɗan ƙanwar Inna mahaifiyarka, na bakin kasuwar Ƙanƙara. Sau biyu ina aiko maka takarda ta hannun direban motar kasuwa, ba amsa. Shi ya sa na kawo maganar jarida. Ko ba ka karanta ba, wani zai karanta ya iske ka da ita.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga yaƙi aka ba ka aikin dabbobi. Ka zo da akwati ɗaya, da garmaho, da faifai uku. Biyu kiɗan kudu ne, kowa ya san irinsu. Na ukun ne ya ɗaure mana kai, mu samarin da ke zuwa wurinka. Ka ce sunan rawarsa tango, wani baƙon likita ne ya koya maka ita a barikin Kaduna. Duk cikinmu ba wanda ya yi hankalin tambayarka abin da ya haɗa ka da likita.

Ka ce rawar mace da namiji ce. To wane uba ne a Ƙanƙara zai ba da ɗiyarsa a dafa mata kafaɗa? Sai muka yi abinmu mu kaɗai, ƙato da ƙato, bayan la'asar, a ɗakin da kake ajiye maganin shanu. A ture kwalaye gefe, a murɗa garmaho, kai ka ja, mu mu bi, ɗaya bayan ɗaya. A jikin kwalayen nan ka fara nuna mani baƙaƙen boko, sauran na ƙarasa da kaina. Har yau in na ji warin maganin kaska sai ƙafata ta motsa.

Bakinka ba ya barin kowa. Ni kakan ce mani, “Hamisu, ba keken ɗinki kake takawa ba, mutum ne a hannunka.” Abokina Ɗan'asabe kuwa kakan ce mashi, “Kai kuma a hankali, wa ya biyo ka? Kana rawa kamar mai korar awaki daga gonar surukinsa.” In wani ya sunkuya yana duban ƙafa sai ka ce, “Ɗago kanka, ba a zubar da gero a nan ba.” Kai da kanka ba ka duban ƙasa. Idonka a lumshe kake rawa.

Akwai wani abu da kake yi, Yaya, wanda shi ne ya kama mu. Duk sadda ka ɗauki dogon taku da ƙafar hagu, sai ka ɗan tsaya, kafaɗarka ta sauka, ka jawo ƙafar a hankali kamar mai gudun tada jinjiri daga barci. Kiɗan ya wuce ka, mu ce shi ke nan ya tsere maka, sai kawai ka cim masa ba tare da gaggawa ba. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a jikin ɗa namiji ba. Mu kuwa ba mu taɓa ganin wani yana wannan rawa ba sai kai. A wurinmu tsayawar nan ita ce rawar, sauran duk hanyar zuwa gare ta ce.

Ina za mu sani? Kullum kana kan babur. In ka sauka, tafiyarka ta ƙasaita ce, a hankali, mu ce halin soja ne.

Kai kuma ba ka taɓa ganin muna ja ba, don in muna hannunka mu ne masu bi. Ja mun koya a bayan idonka, makonnin da kake fita allurar shanu Ƙetare da Mabai ka bar mana mabuɗin ɗaki. Ni ne uban tafiyar, ba zan ɓoye ba. Da allin ɗinkina na zana layi a sumunti inda ƙafar za ta bi. Wanda kafaɗarsa ba ta sauka ba in buge ta da sandar awon yadi in ce, “Haka Yaya yake yi?” Mun so mu ba ka mamaki.

Sai ga ranar Faskari. Hedimastan makarantar can zai tashi, malamai suka shirya mashi walima da rana a filin makaranta, ya ce yana son ganin rawar nan da ake labari. Mu goma sha biyu muka fito, kowa da wandon da na ɗinka. Kana layin gaba a kan kujera. Aka sa faifai. Da aka zo dogon takun, mu shida masu ja muka tsaya lokaci guda, kafaɗu shida suka sauka, ƙafafu shida suka ja ƙasa. Fili ya yi tsit, ni ina cewa a raina mun gama da su. Sai dariya ta ɓarke.

Alhaji Mamman ɗan kwangila, wanda kuɗin fetur ya mayar mai magana a kowane taro, ya juyo ya ce da ƙarfi, “Malam Lawal, ashe har gurguntakar kake koya masu? To Allah shi ba da lada!”

A bakinsa na fara jin kalmar. Na waiga na ga ƙafarka ta hagu a miƙe, yadda kake miƙe ta kullum in ka zauna, yadda na gan ta sau ɗari ban gani ba. Ka tashi, ka yi wa Hedimasta sallama da hannu biyu, ka tafi wurin babur ɗinka. A fili mai faɗi, da idanu a kanka, a ranar na ga yadda kake wahala kafin ka ɓoye ta.

Da a nan abin ya tsaya, da na bi ka na durƙusa an wuce wurin. Amma Ɗan'asabe ya ga Alhaji na dariya, sai shi ma ya buɗe haƙora ya ce ai da gangan muka shirya, don a nishaɗantar da baƙi. Maganarsa ta riga ni zuwa gidanka. Da na zo aka ce ba ka nan, ga babur a zaure. Kafin wata ya mutu ka nemi canji zuwa Sabuwa. Ɗan'asabe kuwa yau yana tuƙa tifar Alhaji, yana yi mani hon in ya wuce shago.

Na je wurin Inna. Ita ta gaya mani akwai guntun ƙarfe a gwiwarka tun daga bakin daga, likitoci sun ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Ta ce, “Ni da na haife shi ma sai da na kama shi yana gasa ƙafar da ruwan zafi kafin ya faɗa mani.”

Ina da fushi da kai ma, Yaya, ka yi haƙuri in faɗa. Me zai rage ka in ka ce mana, nan wurin ciwo ne, kada ku ɗauka? Amma in na zauna na yi wa kaina adalci, ka gaya mana abin da ya fi haka. Sau nawa kana cewa, “Kowa ya yi tafiyar da ƙafarsa ta sani”? Muka ɗauka irin maganar manya ce da ake gyaɗa wa kai a wuce. Mu ba tafiyarmu muke so ba, taka muke so.

Kwanaki na je Zariya sayen yadi, wani ya kai ni kulob ɗin ma'aikata na leƙa. Na ga masu yin rawar yadda aka rubuta, maza da mata, sumul, ba mai tsayawa. Sun iya, ban hana su ba. Amma duk cikinsu ba wanda na ji ina son in zama. A can na gane cewa ciwo ne ya tsayar da kai, gaskiya ne, amma abin da kake yi a cikin tsayawar naka ne, ba na ƙarfen ba ne. Da wani ne da ya bar rawar. Kai ka ɗauki inda jikinka ya gaza ka mai da shi inda ake jira a gani. Mu kuwa muka kwashe siffar muka bar dalilin, shi ya sa a jikinmu ta fito kamar zagi.

Yanzu ni kaɗai nake gwadawa a shago in na rufe ƙofa. Na gano ni mai gajeren taku ne, mai saurin juyawa, kamar yadda bakina yake. Ba kyau tukuna, amma ba na kowa ba ne. Ina son ka gani ka yi mani ba'a yadda ka saba.

Ban ce ka dawo Ƙanƙara ba. Ban ce ka sake rawa ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: kana can kana ɗauka cewa waɗanda ka buɗe wa ɗakinka da hannunka sun taru sun mai da kai abin dariya a gaban jama'a. Ba haka ba ne, Yayana. Jahilci ne da ƙauna suka haɗu, kuma ƙaunar ta fi yawa.

Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwa, Ya cire maka wanda muka sa maka a zuciya. Allah Ya tsare ka a hanyoyin rugage, Ya sa albarka a aikinka, Ya nuna mani ranar da zan gaishe ka ka amsa. Amin.

Ƙanenka da ya yi kuskure bai yi nufi ba,
Hamisu Tela, Ƙanƙara.

Saura kai, Ɗan'asabe. Maganata ni kaɗai ba za ta ishe shi ba, don daga bakinka ƙaryar ta fito. A gaban mutane ka faɗe ta, a gaban mutane za ka janye ta. Ko ka sa a rubuta maka a wannan jarida, ko ka kashe tifar ka tsaya bakin shagona ranar kasuwa ka ɗaga murya. Tambaya ɗaya ce: ranar Faskari, ba'a muka je yi wa Yaya Lawal, ko girmama shi muka je yi? Fito ka amsa.