Na Ƙi Yi Wa 'Yata Kitso A Gaban Dangi

Gwaggo Adawiyya, don Allah ki taimaka mini. Na yi abin da ya hana ni sakat, kuma duk gidanmu babu wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Ni haifaffen Daura ne, shekarata goma sha huɗu ina tuƙa bas a Birmingham ta Ingila. Matata Baturiya ce, ta musulunta kafin aurenmu, aikin jinya take yi. 'Yarmu ɗaya, Siddiƙa, shekararta tara. Gashina ta ɗauko, ga cika ga tauri, uwarta kuwa da ta sa mata mataji sai kuka. Masu kitso sun yi mana nisa, sai na zauna da waya na koya. Na farkon da na yi kamar kaza ta yi tono, amma yanzu wallahi kalaba da shuku duk ina iyawa. Kowace Lahadi bayan Azahar tana zaune a gabana, ina kitso ina ba ta labarin kasuwar dabbobi ta Mai'adua, inda mahaifina yake zuwa da ni ina yaro. Duk Hausar da ke bakinta a nan ta koya.

To, bana muka kawo ta gida karo na farko. Ranar Lahadi tsakar gida cike da 'yan sannu da zuwa, Hajiya mahaifiyata na kan tabarma, kawuna ya shigo gaishe ta. Sai ga Siddiƙa da mataji da man kitso, ta zo ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ce da Hausarta tiryan-tiryan lokaci ya yi. Mata suka kwashe da dariya. Kawu ya tambaya ko aikin da nake yi a Turai ke nan. Gwaggo, sai na ji kamar in nutse. Na ture ta da gwiwa, na ce ta tafi wajen gwaggonta Ikilima, ni ina na san kitso.

Ikilima ta yi mata mai kyau, ya fi nawa ma. Da safe Siddiƙa ta tsefe shi tas. Yau kwana biyar ba ta ce mini uffan da Hausa ba, sai Turanci, shi ma in ya zama dole. Ta tambayi uwarta ko don ita rabin Baturiya ce nake jin kunyarta a gaban danginmu, ta ce ba za ta sake zuwa Daura ba. Matata ta ce ni na ɓata, ni zan gyara.

Ni ɗan fari ne. Har yau Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba. Yaya zan fahimtar da yarinyar da ta tashi a can irin wannan kunyar? In kuma na yi mata kitson, da wane ido zan kalli kawu? Saura kwana goma mu koma.

Naki,
Baban Siddiƙa, daga Daura

Baban Siddiƙa, sannu da ƙoƙari. Namijin da ya koyi kitso don 'yarsa ta daina kuka bai yi abin kunya ba, kuma ban san inda addini ya hana ba. Danginka ma ba su yi laifi ba, abin da ba su taɓa gani ba suka gani, suka yi dariya.

Amma kada ka laɓe a bayan kunyar ɗan fari. Hajiya haka ta raine ka tun kana goye, shi ya sa ka gane. Ita Siddiƙa uban da ta sani ne ya ce a gaban jama'a bai san kitso ba, alhali ta san ya sani. Ƙaryar ce ta fi yi mata zafi.

Ka fara da Hajiya, ku biyu a ɗakinta. Ka faɗa mata a can babu gwaggo babu maƙwabciya, kai ne duka, kuma ta wannan zaman jikarta ta iya gaishe ta da Hausa. Zan yi mamaki in ba ta sa maka albarka ba. Sannan ka samu yarinyar ka ba ta haƙuri kai tsaye. Ka ce tsoron dariya ne ya kama ka, ba ita kake jin kunya ba. Kada ka aika uwarta. Ka roƙe ta ta zauna ka yi mata kitson a ɗakin Hajiya, ba sai a tsakar gida ba, amma kada a rufe ƙofa. Kawu zai yi magana kwana biyu ya koma harkar gabansa.

Kada ka ce sai kun koma Ingila, don darasin da za ta ɗauka shi ne tana da uba a can, ba ta da shi a Daura. Nan da shekara huɗu ko biyar ita da kanta za ta daina kawo maka kanta, ko ka roƙa. Allah ya raya maka ita, ya daidaita tsakaninku, ya kai ku lafiya.