Makullin Kaka Ya Buɗe Ɗakin

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi, Auta kuma ya rage taurin kai. Ni lafiya lau nake, kada ki sa damuwa a ranki.

Na gano gidan su Kaka, mahaifin Baba, bayan tsohuwar kasuwa. Jikokin wansa ne a ciki. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, har sai da na tafka wauta. Na ga wani ɗaki a kulle, na ciro makullin nan da Kaka ya rasu da shi a aljihu, na gwada da wasa. Inna, sai ƙofa ta buɗe.

Ba komai a ciki sai keken ɗinkinsa da ƙura, amma tsakar gida ta yi tsit. Babbansu ya ce, "Ashe gado kika zo nema, ba dangi ba." Na rantse masa asalinmu kawai nake bi, ko kallona bai yi ba. Yanzu abinci ma ɗaki ake aiko mini, kuma ƙarshen wata za su tara dangi a kaina.

Ba tsoro nake ji ba, barci ne dai ya ƙi. Ki lallaɓa Baba ki tambaye shi, ki bugo mini: da kansa Kaka ya bar gidan nan, ko korarsa aka yi?

Ki sa ni a addu'a. Ɗakin yana nan a buɗe. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya rufe.

'Yarki