Shekarar da Tsattsewa Suka Makara a Gonar Tarver

Gonar Tarver, Mississippi
19 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga 'yata Verlene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Cleotis da yara. Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita kuwa ba baƙuwa ba ce. Maƙwabciyarmu Lutie ce ke riƙe da alƙalami kamar kullum, na kuma ja mata kunne ta rubuta abin da na faɗa kawai, ban da ƙari.

Na ji maganarki ta in tattara in zo Chicago. Ban ce a'a ba. Amma kin san wace wata muke ciki. Na sauke gorunan tsuntsayen nan duka, na wanke, na shafa musu farar ƙasa, na huda sababbi guda huɗu daga duman da mahaifiyarki ta shuka kafin ta kwanta ciwo. Ni da alfadarin nan muka ta da sandar rataye su da igiya, tana nan tsaye a bayan gida inda take tun kafin a haife ki. Saura baƙin kawai, tsattsewan da ke zuwa duk shekara su yi sheƙa a ciki.

Sun makara. Bara war haka tuni namijin farko ya sauka, baƙi wuluk, rana na taɓa shi yana walƙiyar shuɗi, ya leƙa gora ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɗakin haya. Mahaifiyarki ce ta fara ganinsa, ta bar wanki a ruwa ta zo tana kirana. Bana shiru. Ina zama a baranda tun safe, ba abin da ke wucewa sai hankaki. Shaho ma ya gane ba su nan, ya ɗauke mini kaza biyu.

Unguwa ta watse, Verlene. Su Booker sun tafi Detroit, gidan Dikin Hosea na cocinmu iska ke buɗe ƙofarsa tana rufewa. Hayaƙi biyu ke tashi da safe a layin nan, nawa da na Lutie. Mista Tarver ya sayo injin tsinkar auduga, ya aiko cewa bana ba ya buƙatar ma'aikata, gidajen ma za a rushe a shuke wurin. An ba ni zuwa lokacin shuka.

To ki ba ni wannan lokacin. Tsuntsun nan ba ya ɓatan gida, daga inda ya fito komai nisa nan zai dawo, kan sandar nan. Ba zan so su iso su tarar ba kowa ba.

Ki gaida yara. Ubangiji ya tsare ku.

Mahaifinki,
Ozell Tubbs

Verlene, ni ce Lutie, ga ƙarin da aka hana ni. Gwiwa ba ita kaɗai ba ce. Zan gaya miki wani lokaci, yanzu ya kasa kunne yana jin alƙalami na tafiya.


Chicago
27 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, Cleotis da yara ma suna gaisuwa. Mun gode Allah da kake lafiya, in har gaskiya ne.

Baba, ban gane ba. An ce za a rushe gida, kai kuma kana shafa wa goruna farar ƙasa. Tsuntsaye ne fa. Suna da fukafukai, in ba su sami sandarka ba za su sami ta wani. Kai ne ba ka da inda za ka tashi ka sauka sai nan.

Mun raba ɗakin yara da labule, mun sa maka gado kusa da bututun ɗumama ɗaki. Ba fili, ba kaji, taga kuwa bangon wani gida take kallo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai mu. Da yamma in na taso daga gidan wanki ina hawa bene ina tunanin kana can kai kaɗai kana cin gurasar masara mai sanyi a tsaye, sai abincin ya fita raina. Ƙaramar, Odessa, ba ta taɓa ganinka ba, tana tambaya ko kakanta a hoto yake zaune.

Mama ta riga ta rasu, Baba. Zamanka a baranda ba zai sa ta fito ta kira ka ba. Ka yi haƙuri da na faɗa haka, amma ba wanda zai faɗa in ba ni ba.

Ka rubuto mini ranar da za ka hau jirgin ƙasa. Ina gaida Gwaggo Lutie, ta cika alkawarin da ta yi a ƙasan takarda.

'Yarka mai ƙaunarka,
Verlene


Gonar Tarver
18 ga Maris

'Yata Verlene,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na sa an karanta mini wasiƙarki sau biyu. Bakin uwarki gare ki. Ban yi fushi ba.

Ɗaya ya zo. Ran wata Talata da hantsi ina ba alfadari ruwa na ji shi a sama, wannan kukan nasu mai kamar ruwa na fita daga bakin tulu. Na saki bokitin. Ya sauka a gora ta sama, ya yi yini guda yana kira, ba wanda ya amsa masa.

Washegari iska ta juyo daga arewa. Ruwa mai sanyi ya tsuge, har da ƙanƙara, ya ƙi ɗaukewa. Kin san su ba sa cin komai sai ƙwaron da ke tashi a sama, a irin wannan sanyi kuwa ko sauro ba ya fita. Na dafa ƙwai na farfasa na watsa a kan rufin kaji, na tono tsutsa a bayan murhu, bai ko duba ba. Ina jin sa a cikin gorar, muryar na raguwa. Da gari ya washe Lutie ta tsince shi a gindin sanda. Ta sa mini shi a hannu, ba nauyi ko kaɗan. Na binne shi gefen lambu.

Tun ranar ba wani. Mai kanti ya ce sanyin ya kai har bakin teku, wai can an yi ta share gawarwakinsu a ƙarƙashin gada. Wataƙila namu na ciki. Wataƙila kuma sun tsaya a hanya suna jira.

Wakilin Mista Tarver ya zo da mota, bai fito ba, ta taga ya yi magana. Ya ce bayan Ista tarakta za ta shigo. Na tambaye shi ko za a iya barin sandar ita kaɗai a tsakiyar gona, ba ta cin wuri. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, “Ozell, inji ba ya kewaya sanda.”

Kin ce za su sami sandar wani. Ta wa? Daga nan har bakin kogi kowa ya tafi, gorunansu sun faɗi, gwara sun cika waɗanda suka rage da ciyawa. Tawa kaɗai ce a tsaye.

Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Ki sumbaci Odessa, ki ce mata kakanta yana fita daga hoto wani lokaci.

Mahaifinki,
Ozell

Verlene, ya fita wurin alfadari, bari in yi sauri. Idonsa ne. Tun kaka yake dushewa, yanzu daga baranda ba ya ganin sandar, fari-fari kawai yake hange. Duk tsuntsun da ya wuce sai ya ce mini, wane ne wannan? Ya hana ni gaya miki. Na biyu kuma, ɗana ya aiko in koma wurinsa St. Louis, ƙarshen watan nan zan tafi. Ban iya gaya wa mahaifinki ba har yau. In na tafi ba mai karanta masa wasiƙarki, ba mai rubuta masa.


Chicago
22 ga Maris

Gwaggo Lutie,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya saka miki da alheri kan duk abin da kike yi mana. Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta masa.

Na karanta abin da kika rubuta a tsaye a bakin ƙofa, sai da na zauna a kan matakala. Da zan iya da na hau jirgi yau. Amma in na bar aikin nan mako guda wata za a ɗauka, Cleotis kuma an rage musu kwanaki a masana'anta.

Gwaggo, ki taho da shi. Jirginku ɗaya ne har Memphis, daga can ki damƙa shi hannun ma'aikacin jirgi, ni zan tarbe shi a nan. In ya ƙi saboda tsuntsayen, ki ce masa sun zo. Tunda ba ya gani, ki nuna sama ki ce ga su can sun sauka. Na san abin da nake roƙonki, na san kuma ke mai tsoron Allah ce. Alhakin a kaina. Gara ya tsane ni a nan da a tsince shi a can kamar yadda kika tsinci tsuntsun.

'Yarki,
Verlene


St. Louis
5 ga Afrilu

Verlene 'yata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na iso wurin ɗana lafiya, ƙafafuna sun kumbura don zama, ban da haka ba komai. Ni kaɗai na iso. Ga yadda aka yi.

Na gwada abin da kika ce, Allah ya yafe mana mu biyu. Da safe muna baranda, rana ta fito da kyau, na miƙe na ce ga su can, sun cika sandar. Bai ko ɗaga kai ba. Ya karkata kunne ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, “Lutie, shekara arba'in muna zama benci ɗaya a coci, sai yau kika fara yi mini ƙarya?” Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannuna. A nan na gaya masa komai, tafiyata da wasiƙarki. Ya ce ya sani, ya ji ina ɗaure akwati tun makon jiya, bango ba kauri gare shi ba.

Bayan azahar ya kira ni. Ya ce in zo in zama idonsa. Muka sauke sandar, ni ina riƙe da igiya ina yi masa kwatance, shi yana zagina wai hannuna kamar na mai riƙon jariri. Muka ɗaura ta a bayan alfadari, gorunan a cikin buhun auduga, muka tsallaka kwalbati zuwa filin coci. Ya ce nan ƙasar coci ce, tarakta ba ta da iko da ita. Ya haƙa ramin da kansa, bai fi taku kaɗan daga kabarin mahaifiyarki ba. Sau biyu sandar na kwantawa kafin ta tsaya. Tsofaffi biyu da alfadari, da kin gan mu da kin yi dariya ko kuka.

Na tambaye shi ko za su gane sabon wurin. Ya ce bai sani ba. Ya ce tsohon wurin za su fara nufa, shi ya sa dole a sami wanda zai tsaya musu a can.

Fasto ya yarda ya riƙa kwana a ɗakin bayan coci inda ake ajiye itace. Na kai masa bargo da tukunya da garin masara, na dafa masa wake da zai kai shi kwana biyu. Alfadarin ya ba mai kanti, shi kuma ya yi alkawarin leƙa shi in ya fito ta hanyar.

Ranar tafiyata ya raka ni bakin titi, yana riƙe da akwatina ni ina riƙe da gwiwar hannunsa. Na roƙe shi har motar ta tsaya. Ya ce in shiga kada a bar ni. Da muka tashi na waiwaya, yana ɗaga hannu, amma ba wajen da motar take yake fuskanta ba.

Ban san abin da zan ce miki ba, Verlene. Na bar masa takarda da fensir da ambulan mai adireshinki, na manna kan sarki. Ya ce rabonsa da rubutu tun yana yaro. Ki yi ta addu'a, ni ma ina yi.

Taki,
Lutie Gaines


Verlene

Ni ne da hannuna. Ban ga abin da nake rubutawa ba ki yi haƙuri in layi ya hau layi.

An rushe gidan ran Litinin. Ran Laraba suka zo. Ba su da yawa. Sun yi ta kewaya inda sandar take da, suna kuka, har yamma. Na tsaya a cikin huɗa ina yi musu fito ina tafiya wajen coci ina dawowa. Biyu sun bi. Sun kwana a gora, da safe na ji su. Sauran ban san inda suka yi ba.

Mai kanti zai kai ni jirgin Asabar. Ki zo da kanki. In kin hango ni ki kira sunana da ƙarfi, ni ba zan gan ki ba.

Babanki