Ku Maida Mini Goyona Cikin Hoton

Zuwa ga Mushe Darekta na kamfanin sabulun ƙamshi, Maraɗi.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan buro duka.

Sunana Hadiza, matar aure ce a Gangara har zuwa ƙarshen daminar nan, yanzu kuwa mai takaba. Ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba. Yayana ne ya zo daga Agiye ya zauna bakin ƙofar ɗakina, ina faɗi yana rubutawa, kuma na ce ya kai takardar inda kowa zai karanta. Ba ka san ni ba, amma ka san fuskata, tunda kai ka kafa ta da ƙusa a kasuwanni. Mai takaba ba ta yawan magana, to amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, yadda aka ɗauki hoton. Shekarar da aka ɗaga tutarmu, lokacin cinikin gyaɗa, wani mai hoto ya sauka garinmu da tafintansa. Suka tarar da ni bakin rijiya da ɗaurin ƙirji, yadda kowace mai goyo take aiki, yarona a baya, tulu a gabana. Na ce ni ba ni da ta cewa, ina da miji. Aka kira maigidana daga wurin awon gyaɗa. Tafinta ya ce masa littafi za a yi na matan ƙasa da suka sami 'yancin kai, don a ga yadda suke wahala da ruwa, wataƙila ma a gina mana rijiyar siminti. Maigidana ya ce in dai don rijiya ne, a ɗauka. Dariyar da ke cikin hoton nan, shi na yi wa, don ya tsaya bayan mai hoton yana kwaikwayon yadda yake duƙawa.

Na biyu, abin da kuka yi da shi. Kwana arba'in da rasuwar maigidana, ranar da aka yi sadaka, wan mijina ya shigo da allon ƙarfe ya jefa gabana a gaban mata. Ya ce daga rumfar mahauta ya ɓamɓaro shi. Na duba, wallahi sai da na daɗe kafin in gane kaina. Kun cire tulun. Kun cire rijiyar. Kun sauko da zanen ƙasa da inda na ɗaura shi, kun shafa wa kafaɗuna ƙyalli, kun ja mini jan baki, kun sa mini sabulu a hannu. Sannan kun cire yaron daga bayana, har da ɗan hannunsa da ke kan kafaɗata. A ƙasa, yayana ya karanta mini, an rubuta wai mai wanka da wannan ba namijin da zai wuce bai waiga ba. Haba Mushe! Mace da goyo uwa ce a wurin aiki. Ka cire goyon, mi ya rage in ba mace tsirara tana yi wa mazan kasuwa dariya ba?

Na uku, halin da nake ciki. Ƙila ba ka san takaba ba. Wata huɗu da kwana goma ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba turare, ba fita. Ni ina nan cikin ɗaki da tsohon zane ɗaya, ga wata mai fuskata can ta ci ado tana tsaye kasuwar Gangara, tana tsaye tashar Agiye, masu kamiyo, manyan motocin kaya, sun ce har Cadakori sun gan ta. Ni ba ni da ikon taka ƙofar gida in je in cire ta. Mahauta sun sa mata suna, sunan da yayana ya ƙi rubutawa. Wanda ya ba da izini, wanda kaɗai zai ce shi ya tsaya a wurin, yana kabari. Matan da muka ja ruwa tare ranar nan mazansu sun hana su buɗe baki, kowa na tsoron a ce tasa ma tana ciki. Na ce a kai ƙara wurin jandarma, wan mijina ya ce ba zai ɗauki abin kunyar gidansu ya kai buro ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma don Allah in tambaye ka. Wa ke sayen sabulu a ƙauye? Mata ne, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na kitso. To don mi kuka yi tallan da maza za su tsaya kallo? In sabulunku na da kumfa, ku zana kumfa. Ni ko taɓa shi ban taɓa yi ba, da sabulun salo nake wanka tun ina yarinya.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni cin abinci. Da aka yi rasuwa, dangin mijina sun yarda in tafi gidanmu da yaron, ya zauna hannuna har ya isa kaciya. Tun da allon nan ya shigo gida magana ta sake. Wan mijina ya ce matar da ta sayar da jikinta ga kanti ba za ta riƙe musu jini ba. Ya ce ranar da na yi wankan fita takaba, in ɗauki kwallayena in fita ni kaɗai. Saura kwana ashirin da uku. Kowace mace ƙirga kwanakin takabarta take don ta fita, ni tsoron fitar nake.

Yaron ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. Saboda haka ko roƙon a bar mini shi ba zan iya yi a gaban surukai ba, sai a ce ga rashin kunyar ta sake fitowa.

Ga abin da nake roƙo. Ba na son kyauta, ba na son sabulu. A ɓamɓare allunan daga duk inda aka kafa su. A aiko tafintan nan ya faɗi gaban mai gari da liman abin da ya gaya wa maigidana. Mafi girma, a binciko hoton farko, wanda ba a taɓa ba, mai tulu da rijiya da goyo, a kawo shi Gangara kafin kwanakin nan su cika. In wan mijina ya ga yaron a bayana, wataƙila ya bar shi a wurin.

Allah ya ba ka lafiya, ya rufa asirin matan gidanka, kada ya nuna maka ranar da za ka ga 'yarka a bangon mahauta.

Yayana ya ce kamfani ba ya neman hoton wanda ba shi da suna. To rubuta. Tun da na haife shi ban taɓa faɗi ba. Sunansa Isufu, kuma nawa ne.

Wassalam.

Hadiza, daga ɗakin takaba, Gangara.